Tsohuwar da Na Gasa a Kan Murhun Rasha

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gasa wata tsohuwa a gaban 'yan ajinmu ba, duk don na tsallake gabatarwar littafi.

Malamar adabinmu a nan Kuala Lumpur ta ba mu wani tsohon littafin labari na Rasha, mai kaurin bulo (na rantse sai da jakata ta yi kuka). Ta ce wanda ya fi iya bayaninsa shi zai wakilci makaranta a gasa, kuma ta ce kowa ya fara da karanta shafukan tarihi da al'ada na gabatarwa. Ni ina son gasar, amma tarihin me? A jirgin ƙasa, kafin mu kai tashar Titiwangsa, na faɗa tsakiyar labari.

Nan na ga abin da ya tayar min da tsikar jiki: a gidan wani manomi an kwantar da kakarsu a kan murhu! Ni kuwa murhun da na sani na gidan Hajiyarmu ne a Kano, duwatsu uku da tukunyar tuwo.

Ranar bayani malama ta gayyato kakar wata 'yar ajinmu, 'yar Rasha. Na miƙe na dafe ƙirji. "Ku dubi zaluncin wancan zamani! Tsohuwa tukuf, an ɗora ta a wuta kamar tsire!" Har da share hawaye.

Abokina Mubarak ya ja rigata. "Kai, zauna mana, ka kashe mu."

Baƙuwar ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ce, "Yaro, murhunmu ginin tubali ne, ya kusa rabin ɗaki, samansa gado ne. Idan sanyi ya kai ka watsa ruwa ya daskare kafin ya sauka, babu wurin da ya kai shi daraja. Tsofaffi da marasa lafiya ake bar wa. A kansa aka haifi mahaifiyata."

Ni da na taso inda ake bar wa babba gaban fanka, ban taɓa tunanin akwai duniyar da ake girmama mutum da zafi ba. Na ji kunya, amma mamaki ya fi yawa. Ashe shafin da na kira mugunta, gata ake yi wa tsohuwa a cikinsa.

Mubarak ne ya tafi gasar. Ni na koma shafin farko, wata biyu kafin na gama. Yanzu ko littafin girki ne sai na karanta gabatarwa. Har yau a makaranta Mai Tsire ake kirana.