Yadda Za Ka Loda Wa Motar 'Yarka Yashi Har Ta Fasa Tafiya

Bari in gargaɗe ka tun yanzu, ɗan'uwana uban 'ya mace: abin yana nan tafe, kuma ba zai yi maka sallama ba. Wata rana ana cikin cin abincin yamma, dusar ƙanƙara ta fara sauka a waje, 'yarka za ta ajiye cokali ta ce ta samu aiki a wani asibiti can Flin Flon, tafiyar kusan wuni guda, kuma da kanta za ta tuƙa mota ta je. Motar ma ba wata ba ce illa ta marigayi kakanta, doguwar nan mai ja da ƙafafun baya, wadda ko tari ka yi kusa da ita a kan santsi sai gindinta ya juya. Uwarta za ta yi tafi. Kai kuma za ka ture kwanonka gefe.

Haka 'yata Marusia ta yi mini a nan Dauphin, ƙasar Kanada. Shi ya sa na zauna na tsara maka yadda za ka hana tafiyar ba tare da ka taɓa buɗe baki ka ce "kada ki tafi" ba. Na ba ka tabbaci, duk wanda ya bi matakan nan a jere sai ya ga sakamako. Ni na gani, ƙashin bayana ma ya gani.

Mataki na 1: Kada ka nuna tsoro, ka nuna sani

Uba ba ya tsoro. Uba dai yana da abin cewa a kan mota. Ka tashi daga kan abincin, ka zura takalmi, ka fita ka zagaya motar hannuwa a baya. Ka hauri taya. Tun da aka ƙera mota haurin taya bai taɓa gaya wa kowa komai ba, amma ba a ganin girman magidancin da ba ya yi. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, ka girgiza kai.

Ni ina durƙushe matata Doreen ta leƙo daga ƙofa.

"Baban Marusia, me ka gani a ƙarƙashin?"

Na ce, "Abubuwa."

"To shigo, mai ganin abubuwa, miyarka ta huce."

Mataki na 2: Ka kafe a kan taya

Washegari ka sanar da gida cewa motar nan ba za ta taka titi ba sai da tayoyin sanyi, huɗu cif, ba biyu a baya kawai ba yadda marowata ke yi. Wannan gaskiya ce. Ka faɗe ta da ƙarfi, domin daga nan gaskiyarka za ta fara ƙaranci. Fatanka ita ce yarinya ta ji tsada ta ce a bari sai ƙanƙara ta narke.

Sai dai 'ya'yan yanzu ba su da kirki, shiri suke yi a ɓoye. Marusia ta ce, "Baba, ai wadda ka haura jiya sabuwa ce. Duk huɗun na canza tun wancan makon. Ba ka ga alamar dutse da dusa a gefenta ba?"

In haka ta faru, kada ka rikice. Ka zura farce cikin tsagar tayar, ka tambayi wanda ya ɗaura.

"Garejin da kake kai taka."

"Sun lalace yanzu," in ji ni.

Mataki na 3: Ka kai ƙara majalisa

Kowane gari yana da shagon gahawa inda dattawa ke zama tun safe suna gyara wa gwamnati kuskurenta. Ka je can. Kowa ya san mota mai ja da baya injinta a gaba yake, gindinta ba nauyi, shi ya sa da sanyi ya shigo ake jefa mata buhun yashi a but don ƙafafun baya su kama ƙasa. Rigimar a kan yawan buhun take.

Nestor, wanda ya tsufa yana jan motar 'yan makaranta, ya ce, "Biyu. Ka tura su ciki, daidai saitin ƙafafun. An gama."

Gord manomin alkama ya kusa ƙwarewa da gahawa. "Biyu? Kyanwar gidana ta fi haka nauyi! Ni har tsohon murhun ƙarfe na saka wa matata a tata motar."

"Shi ya sa ta koma gidan ƙanwarta," in ji Nestor.

"Ziyara ta je!"

"Tun bara?"

Ga ƙa'ida, ka riƙe ta da kyau: in an ba ka shawara biyu, ka ɗauki wadda ta fi nauyi. Shawarar da mutum zai iya ɗagawa da hannu ɗaya ba ta isa tsare 'yar mutum ba.

Mataki na 4: Ka loda, kada ka yi shawara da kowa

Da sassafe, lokacin da ka fita duba igiyar lantarkin da ke ɗumama injin mota don kada ya daskare, shi ne lokacinka. Ka fara da biyun Nestor, don kada a ce ba ka jin magana. Sannan ka tsaya ka tuna hanyar. Ka tuna kwanar nan ta bayan Swan River: buhu. Ka tuna manyan motocin katako da ke wucewa su tayar da farin hayaƙin dusa har ba ka ganin hancin motarka: buhu. Barewar da ke tsallaka titi ba ta duba hagu ba ta duba dama: buhu biyu, tunda ba ta tafiya ita kaɗai.

In can cikin but ya cika, ka ci gaba da jerawa har bakinsa. Yashi ya ƙare? Akwai bulo a bayan gareji. A kai ka ɗora shebur, bargo, sarƙa, ashana, da kyandir da gwangwanin kunna shi don jin ɗumi in mota ta maƙale.

Ribar biyu ce. Ko dai akwatunanta su rasa wurin shiga a ɗaga tafiyar, ko kuma motar ta yi nauyin da ko iska ba ta isa ta motsa ta ba. Za ka san aiki ya yi idan gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga, salansa na sharar ƙasa. Doreen ta duba ta taga ta ce, "Motar Babana roƙon Allah take yi ne, ta ɗaga kai sama haka?" Kada ka amsa irin wannan. Ka juya motar, gindinta ya fuskanci shinge.

Mataki na 5: Ka kai ta gwaji

Ka zaɓi filin ajiye motoci na bayan coci, ranar da babu kowa. Ka zauna a gefenta. Akwai birki a gefen fasinja wanda ba a gani, iyaye kaɗai ke taka shi; ka taka shi tun daga ƙofar gida.

Abin da za ka koya mata sananne ne. A taka totur a hankali, kamar mai shiga ɗakin jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci. A bar tazara mai yawa. A rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. In gindi ya zame, a ɗage ƙafa, a kalli inda ake son zuwa, a karkata sitiyari can, ba a dankara birki. Duk wannan daidai ne. Dabarar ita ce ka faɗe su gaba ɗaya, cikin ihu, kana riƙe da hannun ƙofa. Burinka ta ruɗe, ta ce ta haƙura.

Marusia ta ce, "Sitiyarin nan yau sakwa-sakwa nake jin sa."

"Sanyi ne."

Ta ɗan ba ta wuta da gangan. Gindin ya tafi hagu, hanjina ya tafi dama. Ta ɗage ƙafa, ta murza, motar ta yi kamar za ta ƙi, sannan ta dawo kan hanya da ƙyar. Ta sake yi, ta sake dawowa.

"Baba, saki hannun ƙofar nan, za ka ɓalle shi."

"Gwada ƙarfinsa nake yi."

Mataki na 6: Ka karɓi sitiyari

In yarinya ta iya, to lokaci ya yi da za ka ce, "Matsa in nuna miki yadda ake yi."

A nan yashinka zai biya ka. Nauyin da ka jibga can ƙarshen but, bayan ƙafafun baya, ya ɗage gaban motar, tayoyin gaba gaisawa kawai suke da ƙasa. Za ka murza sitiyari, mota ta yi kamar ba da ita ake ba. Za ka ƙara murzawa. Sai gindin ya taso da yashinsa da bulonsa ya zo ya wuce ka. Za ka ga coci, ka ga shingen maƙabarta, ka sake ganin coci, sannan ka ji ku cikin tulin dusar da katafila ta tara a ƙarshen fili, lumus.

Ka gyara hula ka ce, "Kin gani? Abin da nake so ki guje wa ke nan."

Marusia ta ce bari ta ɗauko shebur. Na ce a'a, ni zan ɗauko. Na tura ƙofata, dusa ta danne ta. Ina ji ta zagaya, ina ji but ya buɗe.

"Baba."

"Na'am."

"Gini za mu yi a Flin Flon?"

"Don nauyi ne."

"Har da bulo?"

"Gord ya ce..."

"Baba Gord da mai janwe ya san lambar wayarsa da ka?"

Ta zagayo ta tsaya a tagar gefenta, ta sunkuyo. Dariyar ta tafi daga fuskarta.

"Akwatunana a ina za su shiga?"

Na kalli sitiyari.

"Baba, in ba ka so in tafi, ka faɗa mini da baki. Gara in ji da kunnena, da in tsaya ina kwashe shi buhu-buhu."

Ɗan'uwa, wannan ita ce damar da kake nema tun farko, an miƙo maka ita har cikin mota. Kalma uku ce. In ka faɗa, wataƙila ta zauna, domin yarinya ce mai jin tausayinka. Ta zauna, ta kira asibitin ta ce ba ta zuwa, ta koma sayar da kaya a kantin da take tun tana makaranta, kullum da safe ta gaishe ka. Kai kuma ka san abin da ka yi.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Tayar gaba ta hagu, kamar iskarta ta yi ƙasa."

Ta daɗe tana kallona. Idanunta sun kawo ruwa, nawa ma, amma sanyin ranar ba na wasa ba ne, kowa ya shaida.

"To, Baba," ta ce. "Za mu duba ta."

Mataki na 7: Ka sauke abin da ka loda

Babu gajerar hanya a nan. Ka fito ta ƙofar gefenta da rarrafe, ku haƙa, ku sauke. Ka sa ran wani zai wuce, domin a garin nan ba a jin kunya a ɓoye. Mu Nestor ne ya biyo da akori-kurarsa, ya sauke gilashi ya ce, "Sannu da aiki, injiniya! Limamin coci ne ya ba da kwangilar?" Bai fito ba sai da ya gama dariya, amma ya fito, ya kuma ja mu da igiya.

Marusia ta bar buhu biyu, ta tura su ciki saitin ƙafafun, ta ɗaure. Ta riƙe shebur da bargo da kyandir. Sauran ni na mayar gida a akori-kurar Nestor, kuma a buhun ƙarshe ne bayana ya yi wata ƙara da har yau ba mu shirya ba.

Mataki na 8: Ranar tafiya, ka nema wa hannuwanka aiki

Ka kankare gilashin da ta riga ta kankare. Ka duba mai, ka duba ruwan wanke gilashi, ka sake duba mai. Uwarta za ta cika gurbin da yashinka ya bari da kwanukan naɗin kabeji da dunƙulen dankali, abincin da zai ciyar da asibitin gaba ɗaya, kuma babu mai ce mata ta yi yawa. Haka duniya take, kada ka ɗaga maganar.

Za ta rungume ka. Ka yi sauri ka faɗi wani abu mai amfani. Ni na ce, "Ki cika tanki a Swan River. Kada ki bari ya sauka ƙasa da rabi."

Ta ce, "Na ji, Baba. Ni ma zan yi kewarka."

Ka tsaya a bakin titi ka zuba wa ƙafafun baya ido. Za ta tashi a hankali, taya ba ta yi wulwulawar banza ko ɗaya ba. Za ta rage gudu tun kafin kwanar gidan Gord, ta sha ta, gindin ya bi ta salin-alin. Kada ka bi ta da gudu. In kuma ƙafarka ta ƙi jin magana, ka tuna takalmin cikin gida ne a ƙafarka, titin kuma santsi ne.

Ba ruwana

Duk abin da ya samu bayanka, sifirin ɗin mota, shingen coci, ko mutuncinka a shagon gahawa, ba hannuna. In matarka ta ba 'yan'uwanta labari a waya tana share hawayen dariya, tsakaninku ne. In kuma dabarar ta ci a wajenka, 'yarka ta fasa tafiya ta zauna a gida, to kada ka zo gode mini, ka je ka kalli fuskarta.

Tawa dai ta tafi da safiyar nan. Rediyo ya ce dusa ta sauko da iska daga garin The Pas zuwa arewa, kuma a hanyar akwai wuraren da waya ba ta shiga. Doreen ta ce in zauna, na zauna, ga abin da na rubuta. Wayar tana nan kan tebur, ba ta yi ƙara ba tukuna. Ban sani ba ko ta riga dusar wucewa, ko yanzu haka tana tsakiyarta.