Rasuwar 'Yar Ja, Raket ɗin Bahaguwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, tsohuwar 'yar wasan tenis da aka fi sani da Bahaguwa tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar raket ɗinta, wato abin buga ƙwallonta, 'Yar Ja. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a fili na biyu, kusa da kujerar alƙalin wasa. Marigayiyar ta rasu tana da shekara ashirin da huɗu.

Su shida aka kawo su cikin kwali guda, a shekarar da Bahaguwa ta zama ƙwararriya. Biyar sun riga ta tafiya: biyu sun tsage a bakin aiki, ɗaya ta ɓace a filin jirgi, biyu an kyautar. Ita kaɗai ta ga ƙarshen tafiyar. Ta kwana a ƙananan ɗakunan otal da ba su ƙirguwa, ta ci kofi uku a ƙananan gasa, ta kai uwargijiyarta matsayi na ɗari da tamanin da bakwai a duniya, lambar da har yau ba a gama gaisawa da Bahaguwa ba a ji ta ba. Sau ɗaya suka shiga babbar gasa. Aka yi waje da su cikin minti hamsin, kuma marigayiyar ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da haƙuri. Mariƙinta ya sha gumi, an sake mata zare ya fi sau ɗari, ba ta ce uffan ba. Maganarta biyu ce a duniya. In bugu ya zauna a tsakiya ta ce "fok", in ya kauce ta ce "ƙwal", kuma ba ta taɓa faɗin ɗaya a wurin ɗaya don a ji daɗi ba. Da gwiwa ta tilasta wa Bahaguwa ritaya ta koma koyar da yara, 'Yar Ja ta bi ta ba girman kai, ta koma jefa wa 'yan shekara bakwai ƙwallo a hankali.

Ta rasu ta bar jakarta mai mataccen zif, da takalma ƙafa biyu da suka yi ritaya tun tuni, da kwandon ƙwallaye masu sanƙo. Ta kuma bar Auta, 'yar Bahaguwa mai shekara goma sha shida, wadda ta fara koyon bugu da marigayiyar tun tana riƙe ta da hannu biyu tana tangaɗi.

Game da ciwon ajali, an riga an ba da labari iri biyu, kuma iyali na roƙon jama'a su yi watsi da duka. An ce tsufa ne. An kuma ce mai ɗaurin zare ne ya matse ta fiye da kima, wanda ya sa bawan Allah ya yini yana duba injinsa, alhali ba ruwansa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, ga yadda aka yi.

Ran nan uwa da 'ya suka buga wasa na gaske, da ƙirge, kamar yadda suke yi duk ƙarshen wata. Shekara tara Bahaguwa na cinyewa, wani lokaci ta saki wasa biyu ko uku don yarinya ta ji daɗi. Wannan karon ba ta saki komai ba, ƙwacewa aka yi. Auta ta ci zagayen farko shida da huɗu, ta ci na biyu shida da ɗaya, ta rufe da bugun da uwar ba ta ko ɗaga ƙafa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kowa ya san haka, sai dai barewar nan ba ta shirya ganin an wuce ta ba.

A al'adar wasan, wanda aka cinye yakan zo bakin raga ya ba da hannu. Bahaguwa ta ba wa matan da suka wulaƙanta ta hannu a ƙasashe goma sha ɗaya. Auta ta rugo bakin raga tana haki, tana dariya, hannunta a miƙe. Uwar ta dubi hannun, ta juya, ta maka 'Yar Ja da ƙasa. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce "ƙaras". Yarinyar ta daɗe a tsaye kafin ta sauke hannunta.

A gida Bahaguwa ta ce wa maigida suɓuce mata ta yi. Ya juya gawar, ya duba wuyan da ya karye wuri uku, ya ce, "Sau uku ta suɓuce?"

Yau kwana tara ke nan Auta ba ta taka fili ba. Ta tura nata raket ɗin ƙarƙashin gado, ta ce karatu ya yi mata yawa. Shekaranjiya ta kawo wa uwar ruwan zafi na gasa gwiwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ban san abin zai ɓata miki rai ba." Bahaguwa ta sha kaye a gaban dubban mutane, ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan haƙurin da aka ba ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe, a fili na biyu. Za a naɗe marigayiyar cikin tawul ɗinta, a sa ta a jakarta, a ajiye a ɗakin kaya. Ba a buƙatar taro, kuma masu niyyar kawo sabon raket su riƙe abinsu, an riga an aro. Mai ɗaurin zare zai karɓi ban-haƙurinsa a gaban jama'a.

Mutum ɗaya ake roƙo ta halarta, ta zo da abin da ke ƙarƙashin gadonta, kuma kada ta sassauta ko da bugu ɗaya. Za ta tarar da mai makoki a bakin raga, hannunta a miƙe, kuma ba za ta sauke shi ba sai an kama.