Rasuwar Dakta, Agogon da Ya San Ciwon Ƙirjina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daga ƙololuwar tsani, ni Abu Muhannad na duwatsun Ajlun a ƙasar Jodan nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agogona, wanda duk gida ke kira Dakta. Ya cika jiya da hantsi a gonar zaitun, ƙarƙashin tayar a-kori-kura. A yi mini afuwa idan rubutun ya karkace. Da hannu ɗaya nake latsa waya, ɗayan yana maƙale da reshe, matata Ummu Muhannad kuma tana ƙasa da doguwar sanda, wai zaitun take kakkaɓewa.

Ɗana Muhannad ne ya aiko marigayin daga Dubai, ya haɗa shi da wayarsa don ya riƙa ganin lafiyata daga can. Aikinsa auna iskar da ke cikin jini. An ce mai lafiya daga casa'in da biyar ne zuwa sama.

Dakta mutum ne mai sanin ya-kamata. A gidan gahawa, ga shisha a bakina, casa'in da tara yake ba ni. A gaban tiren mansaf, shinkafarmu mai naman rago, bai taɓa yi mini gyaran murya ba. Amma da zarar ruwan farko ya wanke itatuwa, aka fito da tsani da buhuna cikin sanyin safiya, sai ka ji ɗirr-ɗirr a wuyan hannuna: tamanin da huɗu. Allah Sarki! Kaka biyu ke nan yana hana ni hawa. Sai kujera a gindin bishiya, bargo a gwiwa, ina ba masu tsinka shawara kyauta.

Mahassada sun ce sanyi ne ke rikita shi, wai kuma ina sassauta maɗaurinsa a lokacin kaka. Na sassauta mana. Wanda ke auna numfashin wani ai bai kamata a shaƙe shi ba.

Jinyarsa ta fara ne ranar da ƙanwar matata, Intisar, mai aiki a kemis, ta zo da wani ɗan abu kamar bakin kada ta maƙala mini a yatsa. Abin ya ce casa'in da takwas. Dakta ya ce tamanin da biyar. Na ce idan likitoci biyu suka saɓa, babba ake bi, wannan kuwa daga Dubai ya zo. Ummu Muhannad ta kafe ni da ido. Duk wanda ya san ta ya san kallon nan ba na alheri ba ne.

Jiya na cire shi zan yi alwala. Kafin in wanke ƙafa ta ɗaure shi tamau a jikin wata ƙatuwar gauta, ta ɗaga sama a gaban dangi kaf.

"Jama'a ku taya ni murna! Casa'in da bakwai! Gauta ta fi mijina numfashi."

"Ajiye mini likitana, Ummu Muhannad!"

"Zo ka karɓa mana, majinyaci."

Ban san lokacin da na zabura ba. Ƙauna ce. Na tsallake katangar dutse guda, na tsallake ta biyu, na kai cafka. Marigayin ya suɓuce, ya gangara, daidai lokacin da maƙwabcinmu Abu Saƙar ke yo baya da motarsa cike da buhuna. Ƙwas! Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Dangi kaf suka juyo. Matata ta dubi katangar, ta dube ni.

"Masha Allah. Mai ciwon huhu ya yi tsallen barewa. Ga tsani can, Abu Muhannad, tun bara waccan yake cigiyarka."

Marigayin ya bar caja guda, da kwalinsa, da takardar bayani wadda har ya koma ga Mahaliccin masu ƙera shi ba wanda ya buɗe. Ya bar kujera da bargo cikin maraici. Ya bar gautar, wadda aka dafa da daddare, na ci ina hawaye. Ya bar ni, da rabin gona da ba a taɓa ba.

Za a rufe shi yau bayan la'asar a gindin tsohuwar bishiyar kakana. Zaman makoki kwana uku ne a zauren gidanmu, da gahawa mai ɗaci kamar yadda aka saba, kuma kowa ya san mai makoki ba ya hawa tsani. Ummu Muhannad ta ce in ƙara da cewa duk mai zuwa gaisuwa ya taho da buhu.

Ku dakata. Wata farar mota ta tsaya a bakin gona. Wani baƙo ya fito da jaka a hannu, yana tambayar ina majinyaci. Wai likitan huhu ne daga Amman. Muhannad ne ya turo shi, bayan kaka biyu yana kallon tamanin da huɗu a wayarsa, jiya kuma agogon ya yi shiru. Likitan ya ce idan ciwon ya tabbata, ni da shisha da mansaf sai dai a lahira.

Ummu Muhannad ta jingina da sandarta, ta ɗago kai tana murmushi.

"To, Abu Muhannad, ga likita. In ce masa kana da lafiya, ko saukowa za ka yi?"

Ina neman addu'arku. Har yanzu ina sama.