Makokin Ɗan Maciji a Glenwood

Wani ne a unguwar Glenwood, a nan Greensboro, 'yarsa Anissa ta dame shi da kuka sai an saya mata dabbar kiwo. Mai gidan haya ya hana kare, ya hana kyanwa. Mutumin naku ya kai ta shagon dabbobi a titin Wendover, ita kuwa ta nuna ɗan jaririn maciji, ja-ja da shi, bai fi fensir ba.

Mai shago ya ce, "Ba shi da dafi. A bar shi ya saba da wuri tukuna. Abincinsa jinjirin ɓera, a firiza ake ajiyewa."

Mutumin bai ji rabin bayanin ba, hankalinsa na kan ƙofa.

Washegari Anissa za ta bi uwarta hutu Kano. Ta tsaya bakin mota ta ce, "Dadi, in ya mutu, ba ni ba kai."

Shi kuwa duk duniya ba abin da yake tsoro kamar fushin yarinyar nan. Ya ce a ransa, baƙo dai baƙo ne, ko da jan ciki yake tafiya. Ya ɗumama ɓera, ya ajiye a akwatin gilashin, ya durƙusa.

"Bismillah. Nan gidanka ne."

Maciji ya shige ƙarƙashin ɓawon icce.

"Kunya ce," in ji mutumin. Ya juya baya don baƙo ya sake. Shiru. Ya fita falo, ya yi gyaran murya kafin ya dawo. Ɓera na nan.

Ya ce lallai laifin girki ne, wa zai ci nama lami? Ya barbaɗa yaji. Ya ƙara magi. Har albasa ya yanka a gefe. Daga ƙarshe ya bar murfin akwatin a buɗe, wai kada baƙo ya ga kamar an tsare shi.

Ran nan da safe ya leƙa, sai ga maciji a miƙe, fari fat, ba nama ba ƙashi, iska na kaɗa shi. Saɓa ce ya yi, amma gogan naku ɗan birni ne, bai taɓa ganin saɓar maciji ba. Ya ɗora hannu a ka.

Ya kira abokinsa Abdoul Razak, mutumin Maraɗi, yana sheshsheka.

"Baƙona ya rasu! Yunwa ta cinye shi, fata kawai ta rage!"

"Innalillahi! Mon frère, ɗan'uwana, a gidanka? Ga mu nan!"

Abdoul Razak bai tsaya tambayar wane baƙo ba. Ku kun san mutanenmu, in an ce rasuwa, takalmi ake fara nema. Kafin azahar falo ya cika. Ɗalibai sun bar aji, direbobi sun ajiye aiki, Hajiya Bebi ta taso tun daga Summerfield da kula biyu na shinkafa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ya daɗe yana jinya?"

"Ko tari bai yi ba, Hajiya. Kawaici ne ya kashe shi. Na yi, na yi, ya ƙi ci."

"Allah sarki, mutumin kirki. Ɗan wane gari ne?"

"Ɗan Wendover ne."

Abdoul Razak ya matso. "To, ina gawar? Asibiti?"

Mutumin ya zaro hankici daga aljihu, ya warware a hankali. Jama'a suka leƙa. Sai ga fatar maciji.

Hajiya Bebi ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji abu mai sanyi yana bin idon sawunta. Ta duba. Ga ɗan maciji ya fito daga ƙarƙashin kujera, sabuwar fata sai sheƙi take, yana 'yan lashe-lashen harshe.

Kula ta kife. Ɗalibai suka bi ta taga. Abdoul Razak, da babbar rigarsa, sai ga shi a kan teburin cin abinci yana ihu, "A kashe shi! A kawo sanda!"

Mutumin ya tare ƙofa da hannu biyu, hawayen murna na zuba.

"Haba jama'a, ina za ku? Mamacin ne fa ya fito da kansa ya yi muku bangajiya!"