Hazon Ranar Ƙetare

A wani daji da ya gangaro har bakin teku, ruwan sama ba da damina yake zuwa ba, da sanyi yake zuwa, shi da wani farin hazo mai jiƙa gashi. A nan wani tsohon zalɓe mai suna Tunau yake riƙe da aikin duban gari. Ba duba irin na bokaye ba. Nasa shi ne ya gaya wa dabbobi ko za a yi ruwa, ko hazo zai sauka, ko teku zai tashi.

Kullum kafin fitowar rana yana tsaye cikin ruwa har gwiwa. Ya ji sanyinsa, ya shinshini iska, ya leƙa zurfin ramukan ƙaguwa. Duk tsattsewar da ta dawo daga nesa sai ya tare ta ya tambaye ta irin gajimaren da ta baro. Shekara ashirin da uku ke nan yana haka. Aibinsa ɗaya a wurin jama'a: ba ya rantsuwa. Sai dai ya ce, "Cikin goma, bakwai za a yi ruwa." Bara ya faɗi haka aka kwashe shanya, rana ta ƙwalle har yamma. Ranakun da ya dace ba wanda ya riƙe, amma wannan ɗayar har waƙa kwaɗi suka yi mata.

To, akwai wani tsibiri mai gishiri a cikin tekun. Sau ɗaya a shekara, idan ruwa ya janye sosai, sai doguwar hanyar yashi ta riƙa fitowa na 'yan kwanaki, masu cin ciyawa su taka su je su lashi gishiri, su dawo kafin teku ya ciko. Wannan ita ce Ranar Ƙetare, kuma Majalisar Gaɓa ke sa ta. Bana majalisa ta sa Alhamis, ta gayyato baƙi daga dazuzzukan tudu, sannan ta tuna ba a tambayi Tunau ba. Aka kira shi ranar Talata.

Shugaban majalisa, wani ƙaton ɓauna da ake kira Barau, ya ce, "Malam Tunau, mun sa Alhamis. Gaya wa jama'a gari zai yi kyau."

Tunau ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, da so na ne da na faɗa. Amma kwana uku ke nan ruwa ya fi iska sanyi, iskar kuma tana juyowa daga kudu da ɗumi. In ta kwanta a kan ruwan nan, hazo zai tashi. Ina ganin Alhamis da tsakar rana, daidai lokacin da kuke kan hanyar dawowa teku yana cikowa. Cikin goma, bakwai. Asabar ma hanyar za ta fito, ko da ba ta kai faɗin ta Alhamis ba. Shawarata a jira Asabar."

Gauraka Jatau, kakakin majalisa, ya miƙe ya gyara tukkunsa. "Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja, ni ba na raina ilimi, kowa ya sani. Amma tambaya ɗaya aka yi wa malamin nan, ya ba mu lissafi. Hazo zai zo ko ba zai zo ba? Baƙi sun riga sun kamo hanya. Mu tare su mu ce musu me, bakwai cikin goma? Ai ukun da suka rage ma ba kaɗan ba ne. Kuma ba na son tone-tone, amma kowa ya tuna shanyar bara."

Aka yi dariya. Barau ya ce, "Malam, e ko a'a?"

"Ranka ya daɗe, abin da na sani na faɗa. In na ƙara a kai, na yi maka ƙarya."

Aka ɗaga ƙafa don ƙuri'a, Alhamis ta ci.

Dariyar ta yi wa Tunau ciwo, ba ya musu. Ya koma bakin ruwa yana roƙon Allah Ya sa ukun nan ne za su fito, ko da za a yi masa sabuwar waƙa. Amma bai zauna jiran addu'a kaɗai ba. Ranar Laraba ya bi fadamu ɗaya bayan ɗaya, ya tara 'yan'uwansa zalɓe goma sha ɗaya, ya roƙe su gobe su jeru a kan hanyar yashi, kowa inda zai iya jin kukan na gabansa.

Ƙanensa ya ce, "Yaya, waɗanda suka yi maka dariya za mu je mu tsaya wa?"

"Yawancin masu taka hanyar nan ba su san ma an yi zama ba," in ji Tunau. "In gari ya yi kyau, kun sha iska, kun ci kifi."

Alhamis ta waye tas. Dabbobi ɗari biyu da sha huɗu suka taka yashi da kiɗa. Da Jatau ya zo wucewa ya ga Tunau a tsaye sai ya ɗaga murya: "Malam, hazon naka yana ƙona mana baya!" Tunau ya gaishe shi.

Wurin da ya zaɓar wa kansa shi ne inda hanyar ta yi kwana ta kuma yi kwari, inda ruwa ke fara cinyewa. Da rana ta take, ya ji iska ta mutu a fukafukansa. Tsibirin ya fara ɓacewa, sannan zalɓen da ke gabansa, sannan ƙafafunsa shi kansa. Can cikin farin nan ya jiyo kiɗa ya tsaya, kofatai suna fantsama ruwa ta kowace fuska, iyaye suna kiran 'ya'yansu.

Sai ya buɗe baki. Kukan zalɓe ba abin marmari ba ne, kamar ana tsaga busasshen itace yake. Na gaba ya amsa, na gabansa ya karɓa, har kukan ya kai tsibiri ya dawo. "Ku biyo murya!" Tunau ke faɗa. "Daga wannan zuwa waccan, kada wanda ya yi gudu!"

Suka riƙa fitowa daga hazo ɗaya-ɗaya, suna wuce shi. Ruwa ya haura gwiwarsa. Ya jiyo wani nishi mai nauyi ya nufi zurfi.

"Ranka ya daɗe, hagunka! A'a, ɗaya hagun!"

Barau ya juyo, ya wuce ta gefensa.

Ruwa ya kai wa Tunau ƙirji, sanyi ya kashe masa ƙafafu. Fuffuke biyu zai kaɗa ya bar wurin, ya kuwa san da haka. Ya ci gaba da kuka har muryar ta koma huci. Daga ƙarshe wata tsohuwar barewa mai ɗingishi, Ladidi, ta iso tana iyo rabi tana tafiya rabi.

"Saura wa?" ya tambaye ta da kyar.

"Ni ce ta ƙarshe, Malam. Tun daga tsibiri muryarku nake bi. Taso haka, don Allah."

A gaɓa aka ƙirga, ɗari biyu da sha huɗu cif. Jatau ya riga kowa isowa ta sama, domin ya shirya tarbar jama'a, in ji shi.

Kwana tara Tunau ba murya. Bai fasa shiga ruwa da asuba ba, sai dai ya zana abin da ya gani a kan yashi da bakinsa, Ladidi da maƙwabtanta su zo su duba kafin su fita kiwo.

Majalisa kuwa ta zauna kwana biyu a kan lamarin. Ta yaba wa Malam Tunau, tare da jan hankalinsa cewa nan gaba ya riƙa faɗin gargaɗi da ƙarfi yadda za a gane. Sannan, don kada a sake, ta kafa doka baki ɗaya cewa daga bana an hana hazo sauka a Ranar Ƙetare. Jatau da kansa ya je bakin ruwa ya karanta wa teku dokar, sau biyu.

Har yau teku bai ce komai ba, majalisa kuma ta rubuta cewa ya amince.