Mazauni Na Biyu

"Lale da angona! Yau kuma da takarda aka zo zance?"

Jikan ya durƙusa a bakin tabarma, rigar ofishin wuta a jikinsa. Tsakar rana ce, amma falon kakarsa sanyi ƙalau kamar cikin randa. Ofis na zargin ta ja wa maƙwabta waya, don wutar da mitarta ke ci ta fi ta mutum ɗaya. In ba ta cike takardar shaida yau ba, gobe a yanke wutar, allurar sukarinta ta lalace a firji.

"Wa zai yi zance da mai haƙori uku? Dangwala min yatsa nan. Mazauni, ɗaya."

"Biyu dai, mai kunnen faranti. Karanta min abin da suke nufi da mazaunin."

"Duk wanda ke zaune a gidan, yake kunna abin da ke jan wuta."

"Sun ce sai mai numfashi?"

Ya duba gaba, ya duba baya. "Ba su ce ba."

"To rubuta kakanka."

"Tsohuwa, shekararsa huɗu a kabari! Da hannuna na zuba masa ƙasa don in gaje ki."

"Ka gaji wa? Kai da ko mafici ba ka taɓa saya min ba? Shi kullum ƙarfe biyu sai ya sha iska."

Jikan ya miƙe yana dariya. Ya kashe firji, ya zare rediyo, ya bi ƙwayayen lantarki yana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Mita ta tsaya cik.

"Kin gani? Abokin takarata ya yi barci."

Agogon bango ya buga biyu. Jan ɗigon mita ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. A ɗakin ƙurya, wanda kwaɗonsa ya yi tsatsa, fanka ta soma juyawa. Sai kujera ta yi ƙara, kamar an zauna.

"Shiga ka ce masa ƙarya nake, jarumi."

"Ba na faɗa wa manya ɗaki babu sallama."

"Yi sallamar. Yana amsawa."

Bai yi ba. Ya rubuta biyu, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Sai na biyun ya sa hannu."

"Tura masa ta ƙasan ƙofa."

Ya tura rabi. Aka ja sauran daga ciki. Jim kaɗan takardar ta dawo, da shatin babban yatsa, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

"Na janye, tsohuwa. Ya riƙe matarsa."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kunna min firjina kafin ka gudu, rago."