Katifar Kaka a Saman Rufi

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata min safiya," in ji Kaka tana gyara zama a kan tabarma. "Har yanzu ba su kore ka daga jami'ar ba?"

Yayana take yi wa wannan tarba. Malami ne a sashen labarin ƙasa, aikinsa zana taswirar wuraren da ambaliya za ta ci. Ta bana kuwa ta shafa wa unguwar Kaka jan launi tun daga bakin rafi har ƙofar gidanta, ga damina ta kankama. Shi ya sa ya jawo ni muka zo ɗaukarta. Ni da na san taurin kan tsohuwar nan, kujera na ja na zauna kallo.

"Ƙarin girma ma suka yi min, amarya. Tashi ki haɗa kaya, gidan mijinki za ki koma."

"Wane mijin? Wanda ya tsufa a makaranta ya ƙare da fentin takarda? Jikokin mutane likitoci, ni Allah ya haɗa ni da mai shafe-shafe."

"Mai shafe-shafen ne ya ce gidanki yana cikin ja."

"Goge ka sa kore mana. Ba a hannunka fentin yake ba?"

"Ruwa ba ya karanta taswira, Kaka."

"Ashe har shi. Na ɗauka ni kaɗai ce ba na karanta shirmenka." Ta taɓe baki. "Tun da kakanka ya gina gidan nan, ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba. Ko ma na so binka, gwiwoyin nan ba za su hau benenka ba. Mutum ya je ya kama gida a sama kamar tantabara."

Yaya ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya.

"Shekaranjiya, washegarin babban ruwan nan, ni da ɗalibaina mun tashi ƙaramin jirginmu mai kyamara a unguwar nan, muna auna inda ruwa ya kai."

"Au, naka ne abin nan mai kukan sauro? Na jefe shi da takalmi."

"Mun gani. Takalmin ya fito tsaf. Matso ki ga daga inda aka jefo shi."

Ya jawo hoton kusa. Ga rufin gidan Kaka, ga katifa a shanye, ga tsani jingine da bango. Ga kuma wata tsohuwa tsaye ƙiƙam a saman rufin, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Wannan ba ni ba ce."

"Da zanen da ke jikinki yanzu? Mai ciwon gwiwa ta hau tsani da katifa a ka, amma benena ne ya gagare ta."

Na fara dariya, sai idona ya faɗa kan abin da ke shanye gefen katifar. Rigunan marigayi kakanmu ne, an jera su ɗaya bayan ɗaya, an danne da duwatsu. Ashe ruwa ya shiga har gadonta, ita kaɗai ta yi ta fama, ba ta faɗa wa kowa ba. Sai a lokacin na gane dalilin tabarmar.

"Leƙen gidan mutane aka koya maka, ɗan banza," in ji Kaka, amma muryar ta sauka. "In na tafi, wa zai kula da kayansa?"

"Su za su riga ki shiga mota. Kishi nake da shi, amma zan ba shi rabin durowata."

Ta daɗe tana kallon hoton. Can ta fashe da dariya, ta goge ido da bakin mayafi, ta kwance makulli daga gefen zane ta wurga masa a ƙirji.

"Hau ka sauko min da katifata, har yau ba ta bushe ba. Ke kuma tashi ki riƙe masa tsanin. Wannan a takarda kawai ya saba hawa sama."